Tambaya da Amsa: Injin da Zai Wuni a Filin Gudu Ya Koma Gida da Ƙafarsa

Wasiƙu biyu muka ɗauko a wannan fitowar, ɗaya daga nan Abuja, ɗaya daga Jos, kuma dukansu a kan motar da aka ware domin ranakun gwada gudu a rufaffen fili suke. Ta farkon ce ta fi cin wuri, saboda amsarta ta shafi duk wanda ke da niyyar ɗaure inji domin irin wannan aiki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ma'aikaci ne mazaunin Gwarinpa, ina da BMW E36 ƙirar 328i mai giyar hannu, wadda ba na hawa sai ranar da aka buɗe mana fili. A fitata ta ƙarshe, bayan zagaye kaɗan, fitilar baƙin mai ta riƙa ƙyaftawa duk lokacin da na shiga wata doguwar kwana, daga nan allurar zafi ta haura, kafin in kai ga tsayawa injin ya buga. Yanzu na sayo wani injin ɗan Kwatano a Apo, kuma abokai suna ba ni shawara in ɗora masa turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, in canza kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, a kuma ɗaga iyakar juyinsa zuwa 7,500 a minti. Kuɗin da ke hannuna ba su da yawa. Ta ina zan fara domin in samu ƙarfi ba tare da na sake asarar inji ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya mayar maka da alheri, kuma na yaba da ka zaɓi rufaffen fili maimakon titunan gari, inda rayukan bayin Allah ke kai-kawo. Amsata a taƙaice ita ce ka ajiye maganar turbo da kamshaf a gefe tukuna, domin wasiƙarka da kanta ta faɗi abin da ya kashe injinka na farko, kuma ba rashin ƙarfi ba ne. Yunwar baƙin mai ce da zafi, kuma idan ba ka magance su ba, duk ƙarfin da ka ƙara zai ƙara gaggauta mutuwar na biyun ne kawai.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa injin da ya saba zuwa Kaduna ya dawo ba tare da tari ba zai iya jure filin gudu. Ayyukan biyu ba ɗaya ba ne. A kan babbar hanya injinka yana juyi 2,500 zuwa 3,000 a minti, ƙafarka kuma ba ta wuce kwatan totur ba, iska tana shiga lagireto a natse. A fili kuwa, tsawon minti goma sha biyar ko ashirin, yana tsakanin 4,500 da 6,500, totur a ƙasa, sannan birki mai tsanani, sannan kwana, a sake maimaitawa. Injin M52 mai lita 2.8 da ke cikin motarka ya fito daga masana'anta da ƙarfin doki 193, wanda ya ishi mai koyo ya yi shekaru bai gama cin moriyarsa ba, amma ba a ƙera kwanon mansa da kayan sanyayarsa domin wannan azaba ba.

Mu fara da baƙin mai, domin shi ne jinin inji. Karanshaf, babbar sandar da fiston ke juyawa, ba ya taɓa metal, wato siraran ƙarafan da ke tallafe da shi, waɗanda yake juyawa a cikinsu. Yana yawo ne a kan wani siririn shimfiɗin mai da famfo ke turowa, wanda kaurinsa bai kai na silin gashi ba. Famfon yana zuƙo man ne ta wani bututu da bakinsa ke nutse a kwanon da ke ƙasan inji. Idan ka shiga doguwar kwana da gudu, man yakan kwaranya gefe guda, kamar yadda ruwa ke yi a cikin ƙwarya idan mai ɗauke da ita ta juya da sauri, sai bakin bututun ya zuƙi iska. Daƙiƙa biyu ko uku na wannan hali a juyi 6,000 sun isa ƙarfe ya goga ƙarfe. Ƙyaftawar da ka gani ke nan, kuma ka sani cewa wannan fitila ba ta kamawa sai ƙarfin man ya faɗi ƙasa da psi 10 (psi ma'aunin matsi ne), alhali ƙa'idar da masu ɗaure inji suka daɗe suna bi ita ce wajen psi 10 ga kowane juyi 1,000. Wato a lokacin da injinka ke neman kusan 60, fitilar ta yi shiru har sai da abin ya kusa ƙarewa. Maganin ba mai tsada ba ne: a walda wa kwanon shingayen ƙarfe masu ƙananan ƙofofi da ke barin mai ya gangaro wajen bututun amma su hana shi gudu, a duba bututun ko ya tsage, a cika man zuwa layin sama na sandar awo kafin kowace shiga fili, sannan a kafa geji na gaske guda biyu a gaban idonka, ɗaya na ƙarfin mai, ɗaya na zafinsa.

Akwai kuma wani ɗan noti da ya kamata duk mai irin wannan inji ya san da zamansa. Sarƙa ce ke juya famfon mai daga karanshaf, kuma noti guda ɗaya tak, mai ɗaurin hagu, shi ke riƙe da haƙorin da sarƙar ke ja. Girgizar juyi mai yawa tana iya sassauta shi, haka nan idan mota ta juya da kai ta koma da baya ba ka taka kuloci ba, injin ya juya a baibai. Na taɓa tsayawa a wani gareji aka kwance kwanon irin wannan inji a gabana, bakaniken ya sa hannu cikin ragowar baƙin man ya lalubo notin, wanda bai fi kan babban yatsa ba, ya ɗora a tafin hannunsa ya miƙa wa mai motar ba tare da ya ce uffan ba. Metal ɗin kwanrod biyu, wato sandunan da ke haɗa fiston da karanshaf, sun narke sun manne, karanshaf ya yi shuɗi saboda zafi. Tun da injinka yana ƙasa, a wanke notin, a sa masa gam ɗin ɗaure noti, a huda shi a ɗaure da waya, aikin da bai wuce sa'a guda ba. Kai kuma ka koya wa ƙafafunka cewa duk ranar da mota ta juya, kuloci da birki ake takawa tare.

Game da man kansa, ka sayi mai kyau na zamani, 5W-40 ko 10W-50, daga dillalin da ka amince da shi, domin jabun baƙin mai ya yi yawa a kasuwa kuma araha ba ta ado. Zafin mai tsakanin digiri 100 da 120 daidai ne. Idan gejinka ya nuna yana wuce 130 a zafin Maris da Afrilu na Abuja, lokacin sa ƙaramin lagireton mai ya yi.

Yanzu ga injin da ka sayo. Kada ka yarda da maganar cewa ɗan Kwatano ne don haka a ɗora kawai. Ka fara da maganaɗisu: ka manna shi a jikin bulon. Yawancin M52 da aka kai Amurka bulonsu na baƙin ƙarfe ne, zai kama; na Turai kuwa na alminiyam ne, kuma waɗanda aka yi kafin 1998 an shafe cikin silindarsu da wani sinadari mai suna Nikasil, wanda fetur mai yawan sulfa, wato farar wuta, ke cinyewa. Irin wannan silinda idan ta lalace ba a yi mata bori, wato faɗaɗa raminta, kamar yadda aka saba, sai dai a dasa mata sabon hannun riga na ƙarfe. Bulon alminiyam yana da wani rauni kuma: idan ya taɓa yin zafi sosai, zaren da ƙusoshin tof, wato murfin saman silinda, ke kamawa yakan yi laushi, ranar ɗauri sai ka ji ƙusa tana juyawa ba ta kamawa. Saboda haka a gwada matsin kowace silinda, kuma bambancin da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Ni a ra'ayina, idan Allah Ya sa na baƙin ƙarfe ka samu, ka riƙe shi da kyau duk da nauyinsa, domin ya fi haƙuri da irin yanayinmu.

Wurin da na fi so ka kashe kuɗinka, wanda kuma ba wanda zai gani ya yaba, shi ne awo. Muna da kanikawa masu basira ƙwarai a Apo da sauran garejinmu, waɗanda ke gane ciwon inji da kunne, amma al'adar ɗaure inji da ƙiyasin hannu, a juya karanshaf a ce ya yi laushi, ba ta isa ga wannan aiki ba. Wuyan karanshaf inda kwanrod ke kamawa a injinka milimita 45 ne, kuma tazarar da ake nema tsakaninsa da metal wajen milimita 0.045 ce, alhali silin gashin mutum ya kai kusan 0.07. Babu yatsan da zai iya tantance wannan. Idan tazarar ta matse, mai ba zai ratsa ya kwashe zafi ba. Idan ta yi faɗi, ƙarfin mai zai zube. Akwai wani siririn zaren roba mai suna Plastigauge da ake shimfiɗawa a kan wuyan, a ɗaure, a kwance, a gwada faɗin da ya baje da ma'aunin da ke jikin takardarsa. Ba shi da tsada, kuma ka nace a yi wa kowane wuya a gabanka, a rubuta a takarda. Haka ma bakin zoben fiston: zobe yana buɗewa idan ya yi zafi, idan kuma bakunansa biyu suka haɗu, zai kankare silinda ko ya fasa kan fiston. A silinda mai faɗin milimita 84 irin taka, ana barin wajen 0.35 zuwa 0.40 ga zoben sama, amma takardar da ta zo da zoben ita ce alƙali. Ƙusoshin tof da na kwanrod kuwa an yi su ne su miƙe sau ɗaya, don haka sababbi za a sa, a ɗaure da sifanar awo bisa tsarin littafin injin, ba da dogon bututu da ƙarfin damtse ba.

Sai tsabta, wadda nake ganin ita ce ta fi kashe sababbin injuna a ƙasar nan. Inji da aka baje a kan buhu a ƙasa, cikin ƙurar hunturu, ya riga ya sha yashi kafin a tayar da shi. A wanke bulon da ruwan zafi da sabulu, a zura buroshi cikin kowace hanyar mai, a busar, sannan a goga farin ƙyalle mai ɗan mai a cikin silinda. Muddin ƙyallen yana fitowa da toka-toka, wankin bai ƙare ba. A yi ɗaurin a ɗaki mai ƙofa, a kan tebur, a rufe da leda duk lokacin da aka tashi.

Kayan sanyaya na E36 sun yi ƙaurin suna, kuma dalilin a fili yake: roba ce ta yi yawa a ciki, robar kuma ta haura shekara ashirin da biyar tana shan zafi. Wuyan lagireto, tankin ruwa, gidan tamostat da fukafukan famfon ruwa na asali duk suna iya fashewa ba sallama. Ka canza su gaba ɗaya lokaci guda tare da tiyo-tiyo da bel, ka nemi famfo mai inganci da lagireton alminiyam idan aljihu ya yarda. Ina roƙonka kada ka bari a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har sai inji ya yi zafi, duk da cewa abin ya zama ruwan dare a garejinmu da sunan wai na ƙasashen sanyi ne. Idan babu shi, inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, tana ta zuba fetur fiye da kima, feturin yana wanke man da ke jikin silinda, kuma cire shi bai taɓa gyara lagireton da ya toshe ba. Kada a zuba ruwan rijiya ko na burtsatse, domin gishirinsa ne ke toshe ƙananan hanyoyin. Tataccen ruwa da maganin tsatsa ake so, a kuma fitar da iskar da ta maƙale ta ƙusar da aka tanada. A toshe duk wata kafa da ke gefen lagireto domin iskar da ta shigo ta gaba ta ratsa ta cikinsa dole. Allurar zafin da ke gabanka kuma an tsara ta ne ta zauna a tsakiya ko da zafin yana hawa, shi ya sa lokacin da ka ga ta motsa aikin gama ya riga ya gama. Ita ma tana bukatar geji na gaske.

To, mu koma ga shawarar abokanka. Nauyin da fiston da kwanrod ke ɗora wa ƙusoshinsu ba ya ƙaruwa daidai da juyi, yana ƙaruwa ne da juyi sau juyi, don haka tashi daga 6,500 zuwa 7,500 ƙarin kusan kashi 33 cikin 100 ne a kan ƙarfen da ya riga ya tsufa, kuma da kamshaf na asali babu wani ƙarfin kirki da ke jiranka a can sama. Turbo kuwa ya fi wannan haɗari. Injinka yana matse iska da fetur sau 10.2, feturin da muke samu a gidajen mai kuma wajen 91 yake a ma'aunin RON mai auna jurewar fetur ga matsi, ba 98 da masu irin wannan wasa ke sha a Turai ba, sannan ingancinsa ba ya tabbata, kamar yadda aka gani a Fabrairun 2022 lokacin da fetur mai yawan methanol ya shigo ƙasar ya lalata motoci a Abuja da Legas. Idan matsi da zafi suka fi ƙarfin fetur, ragowarsa yakan fashe da kansa maimakon ya ci a hankali, fashewar tana dukan kan fiston kamar guduma, kuma cikin hular kwano da ƙarar salansa ba za ka ji ba. Turbo mai ɗorewa yana bukatar fiston na musamman, manyan nozul, na'urar sanyaya iska da ƙwararren mai saita ƙwaƙwalwa, kuɗinsu kuma ya ninka abin da ka ce kana da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan an gama duk abin da na lissafa kuma kuɗi sun ragu, akwai ƙari mai aminci: bututun shigar iska na tsohon injin M50, wanda ya fi faɗi, da salansa mai sakin numfashi, da saiti mai sauƙi wanda aka yi da na'urar auna hayaƙi, a tabbatar cewa a cikakken totur iska ba ta wuce kashi 12.5 zuwa 13 ga kashi ɗaya na fetur ba. Ka bar matatar iska mai kyau a cikin akwatinta, domin buɗaɗɗiyar matatar da ake sayarwa don ƙara tana shaƙar zafin inji da ƙura. Ka canza robobin da inji da giya ke zaune a kai, saboda idan sun saki, giya tana karkacewa a kwana, hannunka ya nemi ta huɗu ya faɗa ta biyu, tayoyi su tilasta wa inji juyin da babu na'urar da za ta hana, bawul su gamu da fiston. Tankin fetur kuma kada ya sauka ƙasa da rabi a fili, domin shi ma yana da irin matsalar kwanon mai a doguwar kwana.

Ranar tayarwa, a cire fulogi a juya injin da sitata har geji ya nuna ƙarfin mai kafin a ba shi wuta. Ka yi 'yan ɗaruruwan kilomita kana hawa da sauka a juyi, kana taka totur kana saki, ba tare da ka bar shi yana aiki a tsaye na sa'o'i ba, sannan a zubar da man farko. Matatar man injinka ta takarda ce da ake zarowa ta sama, don haka ka yanka ta, ka baje ninkin a rana ka duba. Ɗan baƙin gari kaɗan a karon farko ba abin damuwa ba ne, amma ƙyalƙyali mai launin jan ƙarfe yana nufin metal ya fara ci, kuma gara a sauke kwano a ranar da a jira. Ka mayar da wannan dubawa al'ada bayan kowace fita. A filin kuma, kada ka taka sosai sai zafin mai ya kai 80, kuma zagayen ƙarshe ka yi shi a hankali domin injin ya huce kafin ka kashe.

TAMBAYA: Injiniya, barka da aiki. Daga Jos nake rubutowa. Ina da tsohuwar Peugeot 504 ta mahaifina da na gyara, mai kafireta, kuma wani dattijon bakanike a Farin Gada ya saita mini ita tana tashi kamar doki. Ina so in kai ta filin tsere na Evbuobanosa a jihar Edo, amma an ce mini saitin Jos ba zai yi a can ba. Gaskiya ne?

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa, kuma Allah Ya yi wa mahaifinka albarka da ya bar maka mota mai tarihi, domin 504 ce ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975. Wanda ya faɗa maka haka ya yi gaskiya. Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200 daga teku, iskarta ta fi ta bakin teku sirantaka, shi ya sa injin da ba shi da turbo ke rasa wajen kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100, wato kusan kashi 12 a garinku, ruwa kuma yana tafasa a wajen digiri 96. Motocin zamani suna auna iskar da ke shiga su daidaita fetur da kansu, amma kafireta ba ta san inda take ba. Abin da jet ɗinta, wato ɗan ramin da fetur ke bi, ya ba da shi ke nan. Dattijon naka, domin motar ta tashi da kyau a sama, mai yiwuwa ya rage fetur ya kuma gabatar da taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, kuma aikinsa daidai ne ga Jos. Amma da zarar ka gangara Hawan Kibo ka doshi Akwanga, iska ta fara kauri, a Edo kuwa kusan ta bakin teku ce, ga zafi. Feturin zai yi wa iskar kaɗan, wutar za ta zo da wuri, kuma waɗannan biyun idan suka haɗu a cikakken totur su ne ke huda fiston.

Ka koma wurinsa ka gaya masa inda za ka, ya haɗa maka jet na asali ko wanda ya ɗara wanda ke ciki da mataki ɗaya ko biyu, ya kuma yi maka alama a jikin distiributa inda taimin na littafi yake, domin ka mayar da shi can idan ka sauka. Da ka isa, ka sa sababbin fulogi, ka yi gudu mai ƙarfi na ɗan lokaci, ka kashe injin nan take ba tare da ka bar shi yana aiki a tsaye ba, sannan ka cire su ka duba farin tangaran ɗin da ke tsakiya. Idan ya yi ƙasa-ƙasa kamar soyayyiyar gyaɗa, saitin ya zauna. Idan ya yi fari fat, ko ka ga ƙananan ɗigo kamar an barbaɗa masoro, ka ƙara jet, ka ja taimin baya da digiri biyu, ka sake gwadawa kafin ka shiga layi.